Daga Yamai Zuwa Tudun Wada: Darasin Ƙungiyar Tal National

Yau zancen kiɗa za mu yi, kiɗan ƙungiya, irin wanda mutum shida ko bakwai ke hawa dandali kowa da abin kiɗansa a hannu, su yi ta bugu tare har gumi ya jiƙa musu riga. Za mu ɗauki ƙungiya ɗaya ta maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar, wato Tal National ta birnin Yamai, mu bi sawunta tun daga kafuwa har inda kiɗanta ya kai. Daga nan sai mu dawo gida mu tambayi kanmu, mu mutanen Tudun Wada da sauran unguwannin Kaduna, ina namu makaɗan suka shiga.

Kafin mu isa Yamai, bari mu ɗan ratsa ta Ingila, domin masu sharhin kiɗa na Turai da Amurka, idan suka saurari Tal National, sau da yawa da wani salon kiɗa na can suke kwatanta ta. A ƙarshen shekarun 1960 wasu samarin Ingila masu kiɗan rok suka ga waƙar minti uku ta yi musu kaɗan. Abin da kasuwa ke so a lokacin shi ne gajeriyar waƙa mai amshi mai sauƙin kamawa, bugunta huɗu-huɗu tun daga farko har ƙarshe. Su kuwa waɗannan samari sun sha kiɗan manyan ƙungiyoyin gargajiyar Turai, sun sha kiɗan jaz na baƙar fatar Amurka, suna so su zuba wannan ilimi duka a cikin jita da ganga da fiyano. Sai suka shiga tsawaita waƙa suna yi mata gaɓa-gaɓa, a tashi da sanyi, a hau da zafi, a sauya kari a tsakiya, a sake saukowa. Wannan salo shi aka raɗa wa suna rok mai neman ci gaba, masoyansa kuma sukan taƙaita su ce furog.

A watan Oktoban 1969 ƙungiyar King Crimson, wadda makaɗin jita Robert Fripp ke cikin waɗanda suka kafa ta, ta fitar da faifanta na farko, In the Court of the Crimson King, wanda da yawa ke ɗauka shi ne mabuɗin wannan salo. A 1972 ƙungiyar Yes ta fitar da Close to the Edge, inda waƙa ɗaya tak ta haura minti 18, ta cinye fuska guda ta faifan garmaho. A 1973 Pink Floyd ta zo da The Dark Side of the Moon, a ciki akwai waƙar Money, wadda aka ɗora bisa bugu bakwai maimakon huɗun da kunne ya saba. Ke nan ana gane wannan kiɗa da dogon zango, da wasa da ƙidayar bugu, da ƙwarewar hannu wadda ba ta samuwa sai an shekara ana atisaye.

Sai dai salon ya zo da cutarsa. Makaɗan suka yi ta ƙara wa kiɗan wuya har ya bar ƙafa ya koma kai. Jama'a suka daina rawa, suka koma zaune suna kallon gwaninta. Zuwa 1977 wani sabon ayarin matasa masu gajerun waƙoƙi masu zafi ya taso yana cewa abin ya zama fahariya, kasuwa kuma ta bi su. Manyan furog ɗin da kansu sai da suka sake lale. Da King Crimson ta dawo a 1981 da faifan Discipline, jita biyu ne ke ratsa juna, kowace da ƙidayarta, dabarar da suka tsinto daga kiɗan Indunusiya da na Afirka. Peter Gabriel, wanda ya bar ƙungiyar Genesis a 1975, yana cikin waɗanda suka kafa bikin WOMAD, wanda aka fara yi a 1982, domin kawo makaɗan Afirka da Asiya gaban Turawa. Abin da suke nema shi ne kiɗa mai zurfin lissafi wanda kuma jiki zai amsa, kuma wannan yana nan a ƙasashenmu tun kaka da kakanni.

Mutanenmu ma sun taɓa wannan ruwa a wancan zamani. A 1969 wasu makaɗa 'yan Gana, tare da abokansu na tsibiran Karibiyan, suka kafa Osibisa a Landan, har da ɗan Najeriya Lasisi Amao a cikin tafiyar. Mai zanen da ya yi bangon faya-fayansu biyu na farko a 1971, Roger Dean, shi ne ya zama mai zanen bangon ƙungiyar Yes. A Legas, bayan yaƙin basasa, an yi BLO, an yi Ofege ta 'yan makarantar St. Gregory, a nan arewa kuma an yi Elcados. Amma yawancin waɗannan ƙungiyoyi ba su yi dogon rai ba, kafin shekarun 1980 su yi nisa sun watse.

A Nijar hanyar daban ce. Zamanin Shugaba Seyni Kountché, wanda ya mulki ƙasar daga 1974 zuwa 1987, gwamnati ta raya ƙungiyoyin samariya da bikin matasa na ƙasa, inda jihohi ke karawa a waƙa da rawa da wasan kwaikwayo. A 1987 aka fara gasar kiɗan zamani ta Dan Gourmou, mai ɗauke da sunan shahararren mawaƙin gargajiya na Tawa. A 1990 aka buɗe cibiyar koyar da kiɗa a Yamai, wadda ke ɗauke da sunan Elhaji Taya. A wannan yanayi ne Sa'adu Bori na Maraɗi ya yi tashe, wanda har yau manyanmu a nan Kaduna ba su manta da kaset-kaset ɗinsa ba, Allah ya jiƙansa, ya rasu a 2008. A nan ne kuma ƙungiyar Mamar Kassey ta Yacouba Moumouni mai sarewa ta fito a 1995. Ina kawo waɗannan ne don a san cewa Tal National ta tarar da gona a share: akwai gasa, akwai makaranta, akwai dandali, akwai kuma jama'ar da ta saba biyan kuɗi ta kalli makaɗi da idonta.

An kafa Tal National a shekarar 2000 a Yamai. Wanda ya kafa ta, kuma yake jan ragamarta, shi ne Hamadal Issoufou Moumine, wanda aka fi sani da Almeida, makaɗin jita. Mutumin nan tsohon ɗan ƙwallo ne, ya yi aiki da gidan marayu na SOS, kuma alƙali ne a kotu. Ku tsaya ku auna wannan da kyau. A ƙasar Hausa an daɗe ana haɗa kiɗa da roƙo, ana ganin makaɗi mutum ne mai miƙa hannu. Ga alƙali yana yanke shari'a da rana, da dare ya rataya jita, kuma mutuncinsa bai ragu ba. Tsarin da ya kawo wa ƙungiyar ma irin na ma'aikaci ne, akwai lokacin aiki, akwai doka, kowa ya san gurbinsa.

Yadda suke aiki shi ne sirrin kiɗansu. A dandali mutum shida ake gani, amma 'yan ƙungiyar sukan kai goma sha uku, suna karɓa-karɓa. Dalili kuwa shi ne a Yamai sukan yi wasa dare biyar a mako, kowane dare kimanin awa biyar, ban da bukukuwan aure da na suna. Wani lokaci ƙungiyar kan rabu biyu ta yi wasa a wuri biyu a dare ɗaya. Ku lissafa, awa ashirin da biyar ke nan a mako a gaban jama'a. Makaɗin da ya shekara goma a haka, ko idonsa a rufe ya san inda ɗan'uwansa zai juya tun kafin ya juya. Sannan ƙungiyar ta haɗa Zabarmawa da Hausawa da Fulani da Abzinawa, kowa ya zo da kiɗan gidansu da harshen gidansu. Sukan ɗauko tsofaffin waƙoƙin gargajiya su sake musu tsari, su kuma tsara nasu sababbi a kan soyayya da haƙuri da zaman lafiya da mutunta mata.

Shekara shida suka yi suna wasa kafin faifansu na farko, Apokte, ya fito a 2006. Daga nan Almeida ya yi wani lissafi na mai hankali. A lokacin, in ana son ɗaukar sauti mai kyau sai an kwashi ƙungiya zuwa Najeriya ko Gana. Ya ga cewa ɗauko injiniyan sauti mutum ɗaya da kayan aikinsa zuwa Yamai ya fi araha a kan kwasar mutum goma sha wani abu zuwa wata ƙasa. A 2008 ya gayyato Jamie Carter daga birnin Shikago na Amurka, suka ɗauki faifan A-Na Waya, wanda ya karɓu ƙwarai a Nijar. Da yake babu kamfanin rarraba faya-fayai a ƙasar, a bakin titi da shatale-talen Yamai suke sayar da kayansu hannu da hannu. A watan Janairun 2011 Carter ya dawo, suka yi mako biyu a wani tsohon situdiyo mai ƙura suna ɗaukar faifan Kaani. Shi ne kamfanin FatCat na Ingila ya fitar wa duniya a 2013, daga nan ƙofar Amurka da Turai ta buɗe musu.

Yanzu bari mu kasa kunne mu shiga cikin kiɗan kansa. Da yawa daga waƙoƙin Tal National a kan bugu goma sha biyu suke tafiya. Sha biyu lamba ce mai albarka ga makaɗi, domin tana rabuwa gida huɗu, uku-uku, tana rabuwa gida uku, huɗu-huɗu, tana kuma rabuwa gida shida, bibbiyu. To, mai gangunan bature zai kafa ƙafarsa a kan huɗu. Mai jita ya ɗauki shida yana gudu a sama. Mai babbar jita ya riƙe gindin kiɗa yana nanata jimla ɗaya. Shi kuwa mai kalangu ya riƙa shigowa ta tsakaninsu yana cike gurbin da kowa ya bari. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mata uku suna lugude a turmi ɗaya ya san wannan lissafi. Taɓarya ba ta karo da taɓarya, kowace da lokacin saukarta, amma abin da kunne ke ji sauti ɗaya ne mai daɗi, kuma in ɗaya ta yi jinkirin ƙiftawar ido, lugude ya ɓaci.

Ku dubi mai kalangun da kyau. Ya rataya shi a kafaɗa, ya danne shi a hammata, hannun hagu na kan tsirkiya, na dama riƙe da lanƙwasasshen makaɗi. In ya matse, fata ta ɗaure, murya ta hau. In ya sassauta, murya ta sauko. Gangunan bature ba su da wannan baiwa, kowace a kan murya ɗaya aka ɗaure ta. Shi ya sa a Tal National kalangu ke mayar wa jita magana, jita ta jefa jimla, kalangu ya cafe ya mayar, mawaƙi ya hau kai, 'yan amshi su karɓa. Wannan shi ne wurin da suka sha gaban furog ɗin Ingila. Lissafin yana da zurfin da zai sa masanin kiɗa ya dafe kai, amma tsohuwa da yaro a filin biki suna taka rawarsu ba tare da sun ƙirga komai ba.

In aka jera faya-fayansu uku da duniya ta sani, za a ji yadda kiɗan ya girma. A Kaani, inda akwai waƙar Sarkin Fada, sukan kafa kari ɗaya su yi ta juya shi na tsawon lokaci har mai sauraro ya nutse a ciki. A Zoy Zoy na 2015 gaɓoɓin waƙa sun ƙaru, ana cikin gudu sai kowa ya tsaya cak lokaci ɗaya, a karkata zuwa wani kari, a sake dawowa kan na farko ba tare da an zubar da ko bugu ɗaya ba. A Tantabara na 2018 sauri ya ƙaru, muryar jita ta yi kaushi, an ɗauki sautin da ɗanyensa kamar mutum na tsaye a gaban dandali, har suka jawo Zara Moussa, mawaƙiyar rap ta Nijar, ta sa murya. Abin da ya fi burge ni a wannan tafiya shi ne alƙiblarta. Makaɗan Afirka da yawa in suka samu kamfanin Turai sukan sassauta kiɗansu, su rage masa yaji don ya shiga kunnen baƙo. Su Tal National kowane faifai ƙara matsowa yake yi kusa da abin da suke bugawa a daren Yamai, kuma a hakan duniya ta karɓe su.

Mu Hausawa bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba. Ku saurari Alhaji Musa Ɗanƙwairo da jama'arsa. 'Yan amshinsa ba maimaita amshi kaɗai suke yi ba, sukan karɓe ɗan waƙa daga bakinsa su ƙarasa, su yi ƙari, murya na hawa kan murya, kotso na tafe a ƙasa. Ku saurari Alhaji Mamman Shata, yadda kalangai da kuntuku ke raba aiki a bayansa, da yadda yake jan waƙarsa Bakandamiya ba ya gaggawa. Ku tuna Ɗanmaraya Jos da abin da yake fitarwa daga kuntigi mai tsirkiya ɗaya. Dogon zango da saƙar murya da ƙwarewar hannu, duk abin da samarin Ingila suka yi ta fafutuka a kai, waɗannan bayin Allah sun riga sun mallake shi. Abin da Tal National ta yi shi ne ta ɗauki irin wannan gado ta ɗora shi a kan kayan kiɗan lantarki ba tare da ta karya masa ƙashin baya ba.

To, mu dawo Kaduna. Garin nan ya taɓa zama cibiyar kiɗa ta arewa baki ɗaya. Tun da aka buɗe gidan rediyo da talabijin na Jihar Arewa a 1962, manyan makaɗan Hausa nan suke zuwa a ɗauki muryarsu, daga nan take bazuwa har Nijar da Kamaru da Gana. Masaƙar Kaduna ta Kakuri ta fara aiki a 1957, wasu masaƙu suka biyo, kamfanin Peugeot ya zo a 1975. Ma'aikata dubbai daga kowane sashe na ƙasar nan suna karɓar albashi, ƙarshen mako suna neman inda za su ji kiɗa. A wannan zamani ne Bala Miller, ɗan asalin Zariya, wanda aka haifa a 1928, ya riƙe Costain Club a nan Kaduna. A 1977, shekarar bikin FESTAC da aka yi hawan dabarsa a garin nan, ya kafa babbar ƙungiyarsa, Great Music Pirameeds of Africa. Ya tara matasa ya horar da su, ya haɗa ƙahonni da jita da ganguna, ya yi waƙa da Hausa, kuma duk wanda ya kai shekara hamsin a unguwar nan ya san waƙarsa Ikon Allah, ya kuma tuna shirinsa na talabijin a shekarun 1980. Ya rasu a 2003. Tambayar da ke damuna ita ce, wace ƙungiya ce ta gaje shi?

Dalilan ɓacewar abin ba ɓoyayyu ba ne. Masaƙu sun rufe, albashin da ke ciyar da makaɗa ya tafi da su. Rikicin shekarar 2000 ya raba mazauna garin, maƙwabtan jiya suka koma zama nesa da juna, yaron da ya koyi jita a wani sashe da yaron da ya gaji kalangu a wani sashe suka daina haɗuwa. Sannan kiɗan fiyano ya shigo tare da finafinan Hausa a shekarun 1990, kwamfuta ta biyo baya. Yau in ka shiga wani ɗan situdiyo a lungunan Tudun Wada, abin da za ka tarar shi ne ɗaki guda an manna masa soso a bango, saurayi ɗaya a gaban kwamfuta da fiyano, mawaƙi a tsaye da abin sauraro a kunne. Da yatsa ɗaya za a danna kalangu, da wani a danna sarewa, kafin la'asar waƙa ta fito, da dare tana cikin wayoyi. A gidan biki kuma an kafa lasifika, an soka filashi, shi ke nan an gama da makaɗi.

Ba na raina wannan sana'a. Ta ci da dubban matasa, ta kai harshen Hausa inda bai taɓa zuwa ba. Ko Mdou Moctar, Ba'abzinen nan na Nijar da duniya ke ji da shi a kiɗan jita a yau, a Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko, Anar, a 2008, da irin gyaran muryar waƙoƙin finafinanmu. Amma ku lura da abin da ya yi daga baya: ya kafa ƙungiya ta mutum huɗu, suka yi ta wasa tare a gidajen biki da dandali, sai ga faifan Afrique Victime a 2021. Kwamfuta tana ajiye abin da aka ba ta, ta maimaita shi daidai. Kalangun da ke cikinta an ɗauke shi ne sau ɗaya, ba ya jin mawaƙi balle ya amsa masa, ba ya ganin mai rawa balle ya bi ƙafarsa. Sabon salo kuwa daga wannan amsa-amsar yake fitowa, tsakanin mutane masu rai da suka daɗe suna bugu tare. In muka bar wa na'ura aikin duka, za a wayi gari sautin kalangu na nan a kwamfuta, amma babu hannun da ya iya matse tsirkiya.

Na san a cikin masu sauraro akwai waɗanda zancen kiɗa ba ya kwanta musu, musamman in aka ambaci kulob da dare. Ina girmama wannan ra'ayi, kuma hukuncin addini na malamai ne, su za a tambaya. Abin da kowa ke gani dai shi ne babu bikin aure ko taron siyasa a unguwar nan da ake yi ba kiɗa. Tunda ana yi, ya kamata ya zama mai inganci, mai tsabtar kalma, wanda zai ba mai yin sa sana'a da mutunci. Kiɗan ƙungiya ba dole sai a mashaya ba. Ana yin sa a filin makaranta, da zauren taro, da gidan biki da rana tsaka, iyaye na zaune suna kallo.

Kuma Tudun Wada na da kayan aikin a hannu. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna a cikinmu, cike da ɗalibai daga kowace ƙabila, har da masu karanta lantarki. Ga Panteka a gefenta, inda maƙera da kafintoci da masu walda ke ƙera abin da mutum bai zata ba. Hannun da ke haɗa injin niƙa ba zai gaza yin akwatin lasifika da ƙafar ganga ba. Ga telolin Kasuwar Barci masu ɗinka wa ƙungiya kaya. Ga kuma makaɗan kalangu da na kukuma da na gurmi da suka rage, waɗanda ake nema kawai ranar dambe ko ranar kamfen.

Saboda haka ina kira ga hukumar al'adu ta jiha da shugabannin makarantunmu da su ware ɗaki ɗaya mai wuta da kayan kiɗa inda matasa za su riƙa atisaye, su kuma sa gasar shekara-shekara ta ƙungiyoyi masu bugu da hannu, kamar yadda Nijar ta yi da gasar Dan Gourmou. Ina kira ga gidajen rediyonmu da su fito da tsofaffin faya-fayan da ke ajiye a ɗakunansu, su kuma ba makaɗa fili su yi wasa kai tsaye. Masu hali da ke kashe dukiya a biki, ku ware wani abu ku gayyaci makaɗa na gaske, ku biya su kuɗin aiki da aka yi ciniki, kada ku bar su da jiran liƙi.

Ku kuma matasa, 'yan'uwana da ƙannena masu sha'awar wannan fanni, nauyin ya fi yawa a kanku. Ku nemi dattijon makaɗi ku durƙusa ku koya tun yana da rai. Ku haye gada zuwa ɗaya sashen garin ku nemo abokin da ya iya jita ko ƙaho, ko yarenku ɗaya ko ba ɗaya ba, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku sa wa kanku ranakun atisaye ku riƙe su kamar aikin gwamnati. Kuma ku yi haƙuri da jinkiri. Tal National ta shekara shida kafin ta fitar da faifai, ta shekara goma sha uku kafin duniya ta ji sunanta, kuma duk tsawon wannan lokaci ba ta daina wasa a gaban mutanen garinta ba. Wanda ke son sunansa ya kai Landan, to ya fara da gamsar da 'yan unguwarsu.

A nan za mu dasa aya a sharhinmu na yau. Allah ya ba mu zaman lafiya a Kaduna da Najeriya da maƙwabtanmu baki ɗaya, ya sa albarka a sana'ar kowa.